A Dance with Dragons: Ga Romo Kam, Amma Ina Naman?

Littafi: A Dance with Dragons
Marubuci: George R. R. Martin
Shekara: 2011

Jama'a, na rufe littafin nan zuciyata a rabe biyu. Shi ne na biyar a jerin A Song of Ice and Fire, labarin da tashar HBO ta Amurka ta mayar fim mai dogon zango, wato Game of Thrones. Shekara shida aka yi ana dakonsa tun bayan na huɗu da ya fito a 2005, ya kuma zo dirkeke, shafi sama da 1,000.

Yabon gwani ya zama dole. Martin ya iya shiga zuciyar ɗan Adam. Dubi Theon Greyjoy, wanda muka tsana saboda cin amanar gidan Stark. A nan Ramsay Bolton ya gana masa azaba har tsoron ambaton sunansa yake yi, sai ga ni ina tausayin mutumin da na sha tsine wa. Haka Jon Snow, shugaban masu tsaron Katangar ƙanƙara: ya buɗe wa tsofaffin abokan gaba ƙofa don a haɗu a tari rundunar matattu, mutanensa kuwa suka ɗauke shi maci amana. Wannan rubutu ne na ƙwararre.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Daenerys, mai dodanni uku masu aman wuta, ta maƙale a birnin Meereen, kullum zaman fada da maganar aure. Tyrion ya yi ta bulayi a kogi da teku don ya riske ta, har littafi ya ƙare ba su zauna ba. Shi kuwa Yarima Quentyn Martell, mun bi shi babi bayan babi, ƙarshenta dodo ya babbake shi. Haba Malam Martin!

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaƙi biyu da aka yi ta kaɗa wa ganga, na Meereen da na Winterfell. An ja daga, sai marubuci ya ajiye alƙalami, ya bar Jon kwance cikin jini bayan mutanensa sun daddaɓa masa wuƙa. Mu makaranta littattafan Hausa mun saba da a ce mu haɗu a kashi na biyu, amma wannan jiran ya wuce misali: har fim ɗin ya ƙare a 2019 littafi na shida bai fito ba.

A nawa ganin, mai sayen littafi bashi yake bin marubuci: in ka ɗaura, to ka kwance. Wanda ya karanta huɗun farko ya nemi wannan, ko don babukan Theon. Sai dai ya shiga da guzurin haƙuri.