Tsirkiya Shida, Yatsu Huɗu: Gwanintar Zaɓen Sauti a Jitar Jaz da Buluz

Mai kaɗa fiyano yana da yatsu goma, kowanne da sautin da zai iya dannawa. Mai jita kuwa, hannun da yake danna tsirkiya da shi yatsu huɗu ne ke aiki, babban yatsa na bayan wuyan jitar yana tallafe da ita. Tsirkiyoyin ma shida ne kacal. Sai ga shi kiɗan jaz, wanda baƙaƙen fatar Amurka suka haifa, yana son a tara sauti biyar, shida, har bakwai su fita a bugu ɗaya. Lissafi ya ƙi fita ke nan. To daga wannan ƙarancin ne aka sami wata gwaninta da nake gani tana cikin mafi kyawun abin da ɗan Adam ya yi da jita: sanin sautin da za a riƙe, da wanda za a yafe, da yadda za a jera waɗanda suka rage.

Kunnen Bahaushe ya fi sabawa da kiɗan tsirkiya mai tafiya sauti bayan sauti. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi, kuma babu abin da ya rage bai faɗa da ita ba. Ita jita an ƙera ta ne don sautuka su taru su fito tare, abin da makaɗa ke kira kod. Kod ɗin da ake fara koya wa ɗalibi sauti uku ne: tushe, da na uku daga tushen idan aka hau tsanin sauti, da na biyar. Buluz da jaz sukan ɗora na bakwai a kai. Aikin sautukan nan ba ɗaya ba ne. Tushe shi ke ba kod suna. Na uku shi ke yanke hukunci, ko kod ya fito da fara'a ko da jimami. Na bakwai shi ke kawo ɗan ɗacin nan da ke sa kunne ya kasa zama, ya yi ta jiran abin da ke tafe. Na biyar kuwa, a mafi yawan lokuta, ɗan rakiya ne. Shi ake fara sallama, kuma ba mai cigiyarsa.

Wanda ya fi nuna wa duniya cewa kaɗan ya isa shi ne Freddie Green. Ya shiga ƙungiyar makaɗan Count Basie a 1937, yana cikinta har rasuwarsa a 1987. Kusan shekara 50 yana zaune da jitar katako mara lantarki a tsakiyar masu ƙaho da ganguna, yana buga huɗu a kowane zango, da wuya a ji ya fito shi kaɗai. Sauti uku yake dannawa, wani lokaci ma ɗaya ko biyu kawai yake bari su yi amo. Amma duk ƙungiyar a kan bugunsa take tafiya. Shi da ɗan ƙyallen roba yake kaɗawa, sai dai masu kaɗa jita da yatsu sun ɗebi darasinsa sun tafi da shi.

Bari mu matso kusa mu ga abin da hannu ke yi. Buluz na gargajiya zango 12 ne, kowane zango bugu huɗu, kuma kod uku ke juyawa a ciki. Idan an ɗora shi a kan sautin G, kod ɗin su ne G7 da C7 da D7. Tsirkiya mafi kauri ita ce ta shida. Ɗora manuni a kanta a gaɓa ta 3 ta wuyan jitar, yatsan tsakiya a gaɓa ta 3 a tsirkiya ta huɗu, na kusa da shi a gaɓa ta 4 a tsirkiya ta uku. G7 ke nan: tushe, na bakwai, na uku. Yanzu duba sautukan nan biyu na sama. Ja su baya gaɓa ɗaya tak, zuwa ta 2 da ta 3, ka mayar da tushe gaɓa ta 3 a tsirkiya ta biyar. Ka sami C7. Tura su gaba gaɓa ɗaya daga inda suka fara, zuwa ta 4 da ta 5, tushe a gaɓa ta 5 a tsirkiya ta biyar. Ga D7 nan. Duk buluz ɗin ya ƙare a cikin tazarar da ba ta kai faɗin tafin hannu ba.

Abin da ya faru a nan shi ne sautukan biyu sun yi musayar aiki. Tsirkiyar da ke ɗauke da na bakwai a G7 ita ta ɗauki na uku a C7, wadda ke ɗauke da na uku kuma ta koma ta bakwai. Kamar mutum biyu ne a tabarma ɗaya, baƙo ya shigo suka ɗan muskuta, ba wanda ya tashi. Ɗan koyo yakan ɗauke hannunsa gaba ɗaya ya yi tsalle daga wannan kod zuwa wancan, kunne ya ji gibin. Gwani muskutawa yake yi, shi ya sa kiɗansa ke gudana ba a jin gaɓa.

Ga kuma ribar yatsa ɗaya da aka ajiye. Ɗan ƙaramin yatsa bai yi komai ba tukuna, kuma shi ne mai kwalliya. A kan G7, sa shi a gaɓa ta 5 a tsirkiya ta biyu, kod ya zama G13, ƙamshin jaz ya tashi nan take. A kan C7, sauko da shi gaɓa ta 3, ka sami C9. A kan D7, kai shi gaɓa ta 6, sai ka ji wani sauti mai yaji, domin fara'a da jimami sun haɗu a kod ɗaya suna gogayya. Irinsa ne Jimi Hendrix ya yi suna da shi. Idan ɗan yatsan nan ya ci gaba da yawo a tsirkiyoyin sama, waƙar kanta ce take fitowa, sauran yatsun na riƙe da ƙasa.

A nan ne kaɗawa da yatsu ke nuna fifikonsa. G7 ɗin da muka danna ya tsallake tsirkiya ta biyar. Mai ƙyallen roba dole ya bi ta kanta, sai ya san yadda zai kashe amonta. Mai yatsu kuwa babban yatsansa ya ɗauki ta shida, manuni da na tsakiya su ɗauki ta huɗu da ta uku, su fizgo tare, sautukan su fito a lokaci ɗaya cif. Tazarar nan tsakanin tushe da sauran tana da amfani, domin sautuka masu kauri idan suka cunkushe wuri ɗaya sukan dagule, musamman a jitar katako da amonta ba ya daɗewa.

Babban yatsan hannun kaɗawa shi ne wahalar farko, kuma tsofaffin makaɗan buluz na jihohin kudancin ƙasar Amurka su suka horar da shi. Blind Blake, wanda ya yi faya-fayansa daga 1926 zuwa 1932, ya kaɗa jita har masu sauraro suna cewa fiyano suke ji. Mississippi John Hurt ya ɗauki waƙoƙinsa a 1928, ya koma noma a ƙauyen Avalon, ba a sake jin ɗuriyarsa ba sai 1963 da aka nemo shi, aka tarar babban yatsan nan yana nan yana kaiwa da komowa tsakanin tsirkiyoyin ƙasa ba ya kuskure. Gary Davis, makaho mai wa'azi a titunan Harlem, da yatsu biyu kawai yake kaɗawa, babba da manuni, amma samari suna sallama a gidansa don ɗaukar darasi. Elizabeth Cotten kuwa bahaguwa ce, ta juya jitar ba ta sake jeren tsirkiya ba, sai ya zama babban yatsanta ke rera waƙa, manuni na riƙe ƙasa.

Masu jaz suka ɗora daga nan. A 1973 Joe Pass ya ɗauki faifan Virtuoso shi kaɗai, ba ganga ba mai raka shi, yana tafiyar da sautin ƙasa da kod da waƙa a jita ɗaya. Lenny Breau yakan riƙe na uku da na bakwai kawai a tsakiya, ya saki sauran yatsun su yi ta zuba a sama. Ted Greene ya fitar da littafin Chord Chemistry a 1971, cike da zanen kod iri-iri. Littafi ne mai daraja, amma ni a ganina ba da shi ake farawa ba. Wanda ya haddace zane ɗari bai san wane yatsa ne ke riƙe da na uku ba, hoto ya tara. Ranar da aka ce ya sauya mazaunin waƙa sai ya tsaya cak.

Koyon yana cin lokaci. Kan yatsu sai ya yi zafi kafin ya yi kanta, babban yatsa kuma yakan tsaya duk sa'ad da ɗan ƙaramin ya motsa, sai an yi ta maimaitawa a hankali ƙafa na ƙirga bugu. Mai karatu, idan akwai jita a kusa da kai, fara da kod ukun nan na G. Kaɗa zango 12 a hankali kana faɗin sunan kowane sauti da bakinka, sannan ka matsar da su gaɓa biyu gaba ka maimaita a kan A. Kada ka nemi kod na huɗu sai waɗannan sun zauna a hannunka.