Jinjina ga Masu Ɗinke Ɓarakar Debian

Sabunta manhaja a tsarin aikin kwamfuta na Debian kan cije a tsakiya. Wannan ƙunshin manhaja yana neman wancan, wancan ya ƙi zama da tsohon ɗan'uwansa, sai apt, mai girka ƙunsoshin, ya tsaya cak. Sannunku da aiki, masu kula da ƙunsoshin nan, 'yan sa-kai tun da Ian Murdock ya kafa Debian a 1993. Ku ke bin rahoton matsala layi-layi har ku kamo rubutun girkawar da ya maƙale. A 2024 kun sake gina ɗimbin ƙunsoshi, kuka liƙa wa sunayensu t64, don kada agogon kwamfuta ya rikice a 2038. Aiki ne mai cin rai, ba mai tafa muku. Mu namu kawai mu buga umarnin dpkg --configure -a, mu koma harkarmu.