Gerhard Richter, Gwanin da Ba Ya Tsoron Ɓata Aikinsa

A fim ɗin da Corinna Belz ta yi a kansa a 2011, za ka ga Gerhard Richter, dattijo da ya kusa shekara 80, ya gama shafa launuka masu kyau a kan ƙyalle, ja da rawaya da shuɗi, har ka ce aiki ya kammala. Sai ya ɗauko wani dogon faranti na roba mai tauri, ya lafta masa fenti, ya danna da ƙarfinsa, ya ja shi daga wannan gefe zuwa wancan kamar magini yana shafe. Abin da ka gama sha'awa ya tafi! A madadinsa ga wasu launuka sun ɓullo daga ƙasa, a yage, a kakkarce, da kyawun da shi kansa bai san zai fito ba. Wallahi duk sanda na kalli wurin nan sai tsigar jikina ta tashi.

Kada a ɗauka rashin iya zane ne. An haife shi a Dresden a 1932, ya yi karatun zane a Jamus ta Gabas, ya tsallaka Yamma a 1961, 'yan watanni kafin a gina katangar Berlin. Dubi hoton 'yarsa Betty na 1988, ta juya wa mai kallo ƙeya: kowane silin gashi, kowane furen rigarta, sai ka rantse kyamara ce ta ɗauka. Hannun da ya iya wannan shi ne ya yarda ya saki linzami, kuma abin da ya sa nake ganin babu kamarsa ke nan.

Sai dai sakin ba gaba ɗaya ba ne. Shi ke zaɓen launi, shi ke sanin nauyin dannawa, shi ke ja da baya ya ƙura ido, ya ce a'a, a sake. Zane yakan kwana a bango yana jiran hukunci, washegari ya shafe shi ba tausayi. Sa'a tana kawo nata, amma sai ta bi ta idonsa.

Inda abin ya fi burge ni shi ne tagar da ya tsara wa babban cocin Kolon, wadda aka buɗe a 2007. Ƙananan gilasai masu kusurwa huɗu sama da 11,000, launi 72, kuma kwamfuta ce ta jefa ƙuri'ar inda kowanne zai zauna. Shi kuma ya sa wasu sassan su maimaita juna kamar a madubi, don ido ya sami wurin hutawa. Babban limamin cocin na lokacin, Kadinal Meisner, bai so ta ba, ya ce ta fi dacewa da masallaci. Ni kam ban ji haushin maganar ba: babu siffar mutum ko ɗaya a tagar, haske ne zalla yake zubowa a kan duwatsun ginin, yana sauya kama daga hantsi zuwa la'asar.

A 2015 an sayar da wani zanensa na 1986 a Landan kan fam miliyan 30.4. Ya ajiye manyan zanen fenti a 2017, amma ya ci gaba da zane da fensir a kan takarda. Wanda duk ya sami damar ganin jerin zanensa guda 6 na 2006 mai suna Cage, waɗanda aka daɗe ana nunawa a Tate Modern da ke Landan, don Allah ya zauna gabansu, kada ya yi gaggawa.