Gwanin ƙetare Sahara

A watan Maris, lokacin da zafin bazara ya fara kankama a gefen Tafkin Chadi, akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ba ya da wani aiki sai ci. Masana suna kiransa Curruca communis (a da Sylvia communis). Nauyinsa na yau da kullum kusan giram 15 ne kawai, amma duk shekara sai ya ƙetare Sahara sau biyu: ya baro Turai a ƙarshen damina, ya koma can ya yi sheƙa da bazara.

Gwanintarsa tana farawa tun kafin ya tashi. A Turai ƙwari ne yawancin abincinsa. A gefen Tafkin Chadi kuwa, idan tafiyar komawa Turai ta matso, sai ya koma kan 'ya'yan bishiyar asuwaki, yana tsinkar su ɗaya bayan ɗaya daga safe har yamma, zaƙinsu yana zama kitse. Masu binciken da suka yi aiki a Malam Fatori da ke gefen tafkin a shekarun 1960 sun riƙa kama tsuntsayen da raga suna auna su, suka ga wasu sun haura giram 20. Idan ka hura gashin ƙirjinsa, za ka ga kitsen rawaya a ƙarƙashin fata. Wannan kitse shi ne guzurinsa, kuma shi ne ruwan shansa, domin jiki yana samar da ruwa yayin ƙona shi.

Tafiyar kanta irin ta ayarin fatake ce. Da faɗuwar rana yake tashi, ya kwana yana gudu cikin sanyin sama, taurari da maganaɗisun ƙasa suna nuna masa hanya. Gari na wayewa sai ya sauka ya yada zango a inuwar dutse ko gindin wani ɗan kurmi, ya lafe, ko motsi ba ya yi har zafi ya karye. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙananan da aka ƙyanƙyashe a shekarar: su kaɗai suke yin tafiyar farko zuwa Afirka, babu madugu.

Duk wannan ƙwarewa ta dogara ne ga zangon ƙarshe kafin hamada, irin su Tafkin Chadi da fadamun Haɗeja da Nguru. Da ruwan sama ya yi ƙaranci a Sahel a 1968, bazarar 1969 kusan kashi uku cikin huɗu na masu komawa Ingila ba su koma ba. Sai bayan wasu shekaru masana can suka gano cewa farin da ya addabi manoma da makiyayanmu shi ne ya hallaka tsuntsayen.