Wa muke wa dariya, kuma wa ke cin kuɗinta? Daga Gondwana zuwa kasuwar Tanut

Da aka ce kowa ya kawo sharhi don wannan fitowa, na so in yi nawa a kan wani littafi, in huta. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun hutun damina, kuma na ga in ban faɗe shi a nan ba, babu inda zan faɗe shi. Maganar barkwanci ce, da masu son mayar da shi sana'a, har da ni a cikinsu.

Mu huɗu ne a fadarmu a Tanut. Muna shan shayi, muna kallon ƴan wasan Kano a talho, sai wani ya ce ai mu ma za mu iya. Muka ari babbar waya, muka samo rawani da takobi, muka ɗauki wasa na minti huɗu: wani Buzu ya shigo kasuwa zai sayi talho, yana karya Hausa, ana yi masa wayo. Ni na fito a Buzun. Cikin sati biyu wasan ya zagaya WhatsApp, masu tura fim a kasuwa suka sa shi cikin abin da suke loda wa mutane. Har daga Bakin Birji aka kira ni ana yaba mini. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Da aka koma lakwal, wani abokina ɗan Belbeji, wanda muka yi shekara uku muna cin tuwo kwano ɗaya, ya ƙi ba ni hannu. Da na matsa masa sai ya ce: "Ran kasuwa tsohona ya kai awaki. Yara suka bi shi suna maimaita maganarka, har ya fasa cinikin ya koma gida. Kai ka san shekarunsa?" Na ce masa wasa ne, ai mu abokan wasa ne. Ya ce: "In wasa ne, ina nawa juyin? A ina zan rama?"

Ban iya ba shi amsa ba. Neman amsar ne ya sa na koma na sake duba mutum biyu da nake koyi da su, Mamane da marigayi Rabilu Musa Ibro.

Mamane ɗan ƙasarmu ne, an haife shi a Agadas a 1966. Ya je Faransa karatun kimiyyar tsirrai, ya ɓuge da barkwanci. Daga 2009 ya fara ɗan shirinsa a rediyon RFI, inda ya ƙirƙiro wata ƙasa da babu ita a taswira, Gondwana, wadda ya ce jamhuriya ce mai dimokuraɗiyya ƙwarai da gaske, da shugabanta wanda ya kafa ta kuma ba ya sauka. Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya a matsayin ɗan wasan da ake haya ba. Ya kafa kamfaninsa, Gondwana-City Productions. Ya buɗe bikin barkwanci na Abijan a 2015. Ya shirya majalisar dariya da ake nunawa a Canal+, inda yake zama da irin su Michel Gohou, Digbeu Cravate da Charlotte Ntamack, ƴan wasa daga ƙasashen Afirka dabam-dabam suna zuwa suna nuna kansu. A 2017 ya fitar da fim ɗinsa, Bienvenue au Gondwana. Ya kuma sha faɗin burinsa na buɗe makarantar koyon wannan sana'a a Yamai.

Wannan aiki ne, kada wanda ya raina shi. A da, ɗan barkwancin Afirka mai Faransanci sai ya je Paris kafin a san da shi. Mamane ya jawo dandalin ya dawo da shi gida, ya nuna cewa ana iya sa hannu a takarda da ɗan wasa, a biya shi, ya ci abinci da bakinsa. Kuma dariyarsa sama take kallo. Wanda ake wa dariya a Gondwana shi ne mai mulki da fadawansa, da mai murɗe zaɓe, da baƙon da ke zuwa sa ido ya rufe ido. Talaka ba shi ne abin nama ba.

To amma ga inda nake da ja. Ku ɗauki Gondwana ku kai ta Gangara ko Tarka, ku kunna wa tsohuwa mai daka gero. Me za ta ji? Faransanci ne, kuma mai wasa da kalmomi, wanda ko mu ƴan lakwal sai mun kasa kunne. Majalisar dariyar kuwa sai mai kuɗin biyan Canal+ duk wata, da wutar da za ta kunna tele. Ko fim ɗin, ta idon wani saurayi Bafaranshe da aka turo sa ido a zaɓe muke shiga ƙasar, kamar dole sai baƙo ya riƙe mana fitila kafin mu ga ɗakinmu. Sannan akwai maganar ƴanci. Kamfanin nasa ne, gaskiya, amma lasifikar ta wasu ce. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, an dakatar da RFI a Nijar. Ko me mutum yake gani game da wannan mataki, darasin ɗaya ne: in da bakin wani kake magana, ranar da aka rufe bakin kai ma ka yi shiru a garinku. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ibro kuwa akasin haka ne. Babu ƙauyen Damargu da ba a san shi ba. Ina tuna muna yara, a biya dala biyar a shiga gidan kallo, janareta na ƙara, muna zaune a ƙasa, da ya fito da hularsa tun bai buɗe baki ba an fara faɗuwa. Hausarmu yake yi, yunwarmu yake yi, bashin da ake bin iyayenmu shi ake bin sa. Finafinan camama ba su da tsada, ana ɗaukar su cikin ƴan kwanaki, kuma sun ciyar da matasa da yawa a Kano waɗanda ba su da wata takarda. Ya kuma ɗanɗana kuɗar taɓa manya. A 2008, zamanin da Abubakar Rabo ke riƙe da hukumar tace finafinai ta Kano, an yanke masa wata biyu a gidan kaso kan fim ɗin Ibro Aloko, kuma mutane da yawa sun ce ainihin laifin wata waƙa ce da aka ɗauka zambo ce ga gwamna. Mutumin da ya taɓa yin aikin gandiroba, ga shi an kulle shi saboda dariya. Ya rasu a Disamban 2014, har yau ana kallon sa.

Sai dai camama ta bar mana gado biyu marasa kyau. Na farko, kuɗin. Ɗan wasa a biya shi na yini ya tafi, mai kaset da mai kwafar sata su yi ta ci shekara da shekaru. Duk kallon Ibro da muka yi a Tanut, anya ko dala ɗaya ta koma Kano? Na biyu, saukin dariya a kan baƙo: Bagwari wawa, Bafillace ɗan daji, baƙauye mai buɗe baki a birni. Ba Ibro kaɗai ba, salon ne gaba ɗaya. A birni mai miliyoyin mutane wataƙila abin ya bi iska. Mu da muka kwaso shi muka kawo nan, mun manta inda muke zaune.

Damargu fa ba Kano ba ce. Nan ne gona ke ƙarewa, makiyaya ta fara. Bahaushe, Badagire, Ba'abzine, Bafillace da Balarabe rijiya ɗaya suke ja, kasuwa ɗaya suke ci. Kowa ya san abin da kan faru in kaka ta yi, dabbobi suka gangaro kafin a kwashe amfanin gona. Kowa ya san kuma kalmar Buzu kanta tana ɗauke da tsohon tarihi da ba kowa ke son a tono masa ba. A irin wannan wuri, wasan da ya koya wa yara raina wani dattijo ba wasa ba ne, itace ne aka ƙara a murhu.

Na san abin da za ku ce, don ni ma na faɗe shi: ai muna da wasan taubasantaka. Haka ne. Har UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. Amma ku lura da yadda kakanninmu ke yin ta. Ido da ido ake yi. Ka tsokani taubashinka, nan take ya rama, jama'a su yi dariyar ku duka biyu, a tashi babu wanda ya fi wani. Kuma akwai haƙƙi a ciki: wanda kake tsokana, in ya shiga uku kai ne na farkon zuwa. Talho ya cire ramuwar, ya cire haƙƙin, ya bar tsokanar tsirara. Ni na yi magana sau ɗaya, waya ta maimaita ta sau dubu, tsohon abokina bai samu ko sau ɗaya ba. Amsar tambayarsa ke nan, kuma ba ta yi mini daɗi ba.

Ta wajen kuɗi ma ba mu tsira ba. Mai tura fim ya karɓi dala biyar-biyar a kan wasanmu, mu da muka sayi kati muka biya cajin waya ko shayi ba mu samu ba. Daga baya wata ƙungiya ta neme mu mu yi mata wasan faɗakarwa. Kuɗin ya yi kyau, har muka raba jika-jika. Amma an aiko da labarin a rubuce daga ofis, an ce kada mu canza ko kalma. Muka hau muka karanta wa'azi da muryar wasa. Mutane suka tafa don kunya, babu wanda ya dara. Ran nan na gane cewa wanda ya biya makaɗi shi ke zaɓen kiɗa.

Abin haushin, muna da namu misalin a gida, mun tsallake shi. Iyayenmu har yau suna ba da labarin wasannin Yazi Dogo da abokan aikinsa a Damagaram, da gasar wasan kwaikwayo ta samariya zamanin Kunce. Da Hausa ake yi, a gaban jama'a, ana taɓa ɗan kasuwa mai ɓoye hatsi da ma'aikaci mai cin hanci. I, gwamnati ce ke riƙe da igiyar, wannan ita ce iyakarsu. Amma sun nuna ana iya cika fili da Hausa ba tare da an zagi ƙabilar kowa ba. Kafin su ma akwai ƴan kama, akwai tashe da muke yi da azumi, akwai Gizo da ke kunyata Kura da Zaki ba a kama sunan kowa ba. In kun duba da kyau, Gondwana ma dabarar Gizo ce: ka ƙirƙiro gari, ka sa masa sarki, kowa ya gane, babu wanda zai ce da shi ake.

Don haka ga abin da nake ba mu shawara, mu masu wannan buri. Mu ɗauki tsarin Mamane, mu ɗauki harshen Ibro, mu bar abin da ya kamata a bari na kowannensu. Mu koma fili: gidan matasa, filin lakwal, daren kasuwa, a biya dala goma a ƙofa, don wanda ya biya ka da hannunsa shi ne ubangidanka, kuma in ka yi ba daidai ba a fuskarsa za ka gani. Mu sayi littafin jika ɗaya mu riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, don yawancin ƙungiyoyinmu ba rashin basira ke kashe su ba, rabon kuɗi ne. Mu zauna da masu tura fim mu yi ciniki kafin mu saki wasa, mu kuma nemi sanin yadda ake rajistar aiki a BNDA, ofishin kare haƙƙin masu ƙirƙira. In ƙungiya ta kawo kuɗi, mu karɓi saƙon amma mu rubuta wasan da kanmu. Mafi muhimmanci, kada a sake yin wasan Ba'abzine ko Bafillace ba tare da shi yana cikin ƙungiyar ba, yana da nasa juyin, yana karya mu yadda muka karya shi. Ai Hausawa ma in suka buɗe baki da Tamajak ko Fillanci abin dariya ne.

Ba na cewa wannan zai sa mu yi arziki. Wataƙila kuɗin kati da na sabulu kawai zai fitar. Amma sana'ar da za ta ɗaga jama'a dole ta iya tsayawa gaban jama'ar duka, ba rabinsu ba.

Ni dai na goge wasan daga wayata, ko da yake na san yana cikin ɗaruruwan wayoyin da ba zan iya kaiwa gare su ba. Hutu mai zuwa zan shiga mota in je Belbeji in gai da tsohon, in ya yarda ya gan ni. Abokina ya ce zai shiga ƙungiyarmu da sharaɗi ɗaya: a wasa na gaba, shi ne mai sayar da raƙumi, ni ne Bahaushen da bai san gaban raƙumi da bayansa ba. Na yarda. Allah ya sa mu dace.