Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi a Fage Guda: Tarken Ƙarfin Taurarin Ƙagaggun Labarai

1.0 Gabatarwa

A jami'ar da nake koyarwa a nan Kudu, akasarin ɗaliban da ke ɗaukar darasin adabin Hausa ba su tashi da harshen a baki ba, don haka sukan yi tambayoyin da ɗan gida zai ji nauyin yi. Wata rana muna tsakiyar darasin ƙagaggun labarai sai wani daga cikinsu ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, da a ce Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi za su haɗu a fagen fama, wa zai kai wani ƙasa?" Aji ya kwashe da dariya, ni ma na murmusa na ci gaba da darasi. Sai da na koma masauki na lura cewa ban amsa masa ba domin ba ni da amsar, alhali na shekara da shekaru ina koyar da littattafan nan biyu.

Wannan maƙala yunƙuri ce na biyan wancan bashi. Za ta gwada ƙarfin taurarin nan biyu, wato Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara (1934) da Iliya na Ahmadu Ingawa (1951), bisa ma'aunai uku: tushen ƙarfin tauraro, da iyakar da marubuci ya gindaya masa, da kuma bakin da labarin ya fito. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, ƙarfin tauraro alkawari ne tsakanin marubuci da mai karatu, kuma duk wanda ya auna shi ba tare da duba sharuɗɗan alkawarin ba, ya auna dawa da mudun da ba na kasuwar ba.

2.0 Asalin Irin Wannan Gardama

Gwada gwani da gwani daɗaɗɗen aiki ne a fagen nazari. Fulutak, marubucin Girka, ya jera rayuwar manyan Girkawa da ta Rumawa bibbiyu yana auna su. A ƙarni na 10 Al'amidi ya rubuta littafi sukutum na muwazana tsakanin mawaƙan Larabawa biyu, Abu Tammam da Buhturi. A ƙasar Hausa ma, wanda ya taɓa zama a dandalin hirar 'yan kallon dambe ya san yadda ake raba dare ana musu a kan Shago da Ɗandunawa.

Bambancin da ke akwai shi ne, 'yan dambe na jini da tsoka suna iya shiga fili a gani da ido. Taurarin ƙagaggun labarai kuwa kowa yana cikin duniyarsa, kuma dokokin wannan duniya sun saɓa wa na waccan. Kamfanoni biyu na littattafan zane a Amurka, DC da Marvel, sun ci karo da wannan matsala a 1996 lokacin da suka haɗa jarumansu faɗa a cikin labari guda. Da suka zo ga manyan karawa biyar, sai suka bar wa masu karatu hukunci ta hanyar ƙuri'a. Da haka Superman ya rinjayi Hulk, Batman kuma ya rinjayi Captain America. Wannan ya nuna a fili cewa farin jini aka auna. Manazarci ba shi da akwatin ƙuri'a, dole ya koma cikin matani ya nemo hujja.

3.0 Ma'aunan Ƙarfi

3.1 Tushen Ƙarfi

Manazarta sun daɗe da gano cewa labarin Iliya ya samo tsiro daga waƙoƙin jarunta na baka na Rashawa game da Iliya Muromets. Waldima, Sarkin Kib, wanda Iliya ya yi wa hidima, shi ne Baladimiya mai mulkin birnin Kiyef, wanda ya rasu a 1015. A waƙoƙin na Rasha, Iliya ɗan manomi ne da ya shekara 33 a zaune bai taka ƙasa ba, sai wasu matafiya masu ziyarar ibada suka zo suka ba shi abin sha, ya miƙe da ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam. Ingawa ya riƙe wannan ƙashin bayan labari ya sa masa rigar Hausa da ta Musulunci: yaro naƙasasshe, baƙi na ban al'ajabi, warkewa, sannan hidimar sarki a kan dokinsa Kwalele. Saboda haka ƙarfin Iliya baiwa ce da ta sauko masa rana ɗaya. Bai gaje ta ba, bai kuma sha wuyar koyon ta ba.

Ganɗoki kuwa ɗan fagen daga ne. Ƙarfinsa ya tsaya a kan abin da Bahaushe ya sani game da barde: doki da takobi da mashi, da taurin zuciya, da dogaro ga Allah, da kuma kirari. Kirarin nan da ya cika littafin makami ne, domin da shi mayaƙi yake zuga kansa, yake kuma karya lagon abokin gaba tun kafin a haɗa ƙarfe da ƙarfe. Haka kuma an dasa Ganɗoki a cikin tarihin da aka sani. Kashin farko na littafin ya bi sawun yaƙe-yaƙen da aka yi da Turawa, tun daga zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, wanda Kwantagora ta kuɓuce masa a 1901, har zuwa hijirar Sarkin Musulmi Attahiru da ta ƙare a Burmi a watan Yuli na 1903. Shi kansa Bello Kagara, wanda aka haifa a 1890, ya riski waɗannan shekaru yana yaro mai wayo.

Ke nan a ma'auni na farko, in ƙarfin dantse kawai ake nufi, Iliya yana gaba, domin wanda aka ba daga sama ya fi wanda ya tara da guminsa yawan jari.

3.2 Iyakar Ƙarfi

Tauraron da ba abin da zai iya taɓa shi ba ya riƙe mai karatu, shi ya sa duk marubucin kirki yakan sa wa jaruminsa linzami. Waɗanda suka raya labarin Superman, wanda ya fara fitowa a 1938, sai da suka ƙago wani dutse da ke kashe masa jiki. A waƙoƙin Rasha an yi wa Iliya iyaka tun ranar warkewarsa. A wasu ruwayoyin matafiyan sun rage masa rabin ƙarfin da suka ba shi, don kada ƙasa ta kasa ɗaukar sa. Sun yi masa albishir cewa ajalinsa ba a fagen yaƙi yake ba, amma sun hana shi karawa da wasu jarumai da suka ambata, ciki har da ƙaton nan Sibiyatogo, wanda daga baya ya ɗauki Iliya da dokinsa ya jefa aljihu. Wannan ƙato shi ne takwaran Wargaji na littafin Hausa. Ƙarshen Iliya kuma, a Rasha da ƙasar Hausa baki ɗaya, shi ne zama dutse. Ba takobin wani ne ya gama da shi ba.

Iyakar Ganɗoki ta wani jinsi ce dabam. Ba wani ƙato da aka ce kada ya tunkara. Abin da ya tsayar da shi shi ne tarihi, wato igwa da bindiga mai ruwa. Marubucin yana da ikon sa tauraronsa ya sare abokan gaba iya son ransa, amma ba shi da ikon sa Attahiru ya ci yaƙin Burmi, domin a 1934 waɗanda suka ga abin da idonsu suna nan da rai. Saboda haka Ganɗoki yakan yi nasara a karon kansa, rundunarsa kuma ta sha kashi. Sai bayan da ya nufi gabas tare da ɗansa Garba Gagare, ya faɗa ƙasashen aljannu da dodanni, sannan nasararsa ta zama cikakkiya, yana cin garuruwa yana musuluntar da mutanensu. Mai karatu mai lura zai ga cewa wannan kashi na biyu ramuwar gayya ce. Abin da takobi ya kasa yi a Burmi, alƙalami ya yi shi a duniyar aljannu.

A nan ma'aunin ya nuna abu biyu. Iliya yana da kariyar da Ganɗoki ba shi da ita. Ganɗoki kuma ya ɗanɗani abin da Iliya bai taɓa ɗanɗana ba, wato ganin duniyar da ya tashi a cikinta ta rushe yana raye.

3.3 Bakin Mai Ba da Labari

Wannan ma'auni shi ne wanda masu gardama suka fi mantawa da shi. Labarin Iliya wani ne yake ba da shi daga waje, kamar yadda ake ba da tatsuniya ko ƙissa, don haka abin da aka ce ya yi, a cikin dokar littafin ya yi shi. Ganɗoki kuwa da bakinsa yake ba yara labarin kansa bayan ya komo gida ya tarar zamani ya juya. Shi ne mayaƙin, shi ne maroƙin kansa, shi ne kuma shaida. Duk adadin mazajen da ya ce ya kashe, a kan maganarsa kaɗai muka dogara. Hausawa kuwa sun ce ganin ido ya kori ji.

Wannan bai rage wa littafin daraja ba, hasali ma a nan gwanintarsa take. Tsohon barde da aka ci ƙasarsa da yaƙi, yana zaune gaban yaran da ke tasowa ƙarƙashin mulkin waɗanda suka ci ta, ba abin da ya rage masa sai harshe. Cika bakinsa hanya ce ta miƙa wa na baya wani abu da za su riƙe. Irin wannan tsari ne D. O. Fagunwa ya bi a 1938, inda maharbin nan Akara-ogun ya zauna yana ba da labarin abin da ya gani a dajin aljannu da bakinsa. Ɗalibaina Yarabawa sukan gane wannan kamanci tun kafin in nuna musu.

4.0 Karawar da Hukuncinta

To, in an ce lallai sai an buɗe fili, tambayar farko ita ce, a gidan wa za a yi karon? In a Kib ne, ƙarƙashin dokar littafin Ingawa, Ganɗoki ba ya cikin waɗanda suka fi ƙarfin Iliya, saboda haka Iliya zai kayar da shi. Mai yiwuwa ma ya ɗaga shi ya rungume, tunda duk hidimar addini guda suke yi. In kuwa a zauren Ganɗoki ne, shi ke riƙe da zaren labari, kuma ba a taɓa jin mai kirari ya ba da labarin faɗuwarsa ba. Za mu ji cewa an kwana bakwai ana gwabzawa, ƙura ta rufe rana, daga bisani baƙon ya sallama. In kuma an kai su Burmi, gaban bindiga mai ruwa, to Iliya ba shi da wurin tsayawa sam, domin an gina shi ne don duniyar da ƙarfin mutum guda yake raba gardamar yaƙi, kuma wannan duniya ita ce ta ƙare a ranar.

Akwai kuma na uku da ya kamata a tuna da shi. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam, ƙanen Bello Kagara, ya rubuta don gasar nan ta 1933 da ta haifar da Ganɗoki, ba ya cin nasara da dantse. Makaminsa wayo ne irin na Gizo, kamar yadda ya yi ta gwadawa a kan Malam Zurƙe. Da za a gayyace shi wannan fili, da kafin barade biyu su gama kirari ya sulale da dawakansu. Gida ɗaya, shekara ɗaya, wa da ƙane suka ba Bahaushen da ya tsinci kansa ƙarƙashin Turawa amsa biyu: ɗaya ya ce a tuna da takobi, ɗaya ya ce a wasa basira.

Hukuncin wannan maƙala shi ne, a karon jiki da jiki Iliya ne da rinjaye, amma a ma'aunin adabi Ganɗoki ya fi nauyi. Dalili kuwa, ƙarfin Iliya aro ne daga wata al'umma, an ɗinka masa riga ta zauna daidai, ya kuma nishaɗantar da yara masu yawa. Ƙarfin Ganɗoki kuwa daga raunin da aka yi wa masu karatunsa na farko ya tsiro, kuma yana ɗauke da tabon.

5.0 Kammalawa

An ga yadda tambayar da ta ba aji dariya ta tilasta mana duba tushen labari, da dangantakarsa da tarihi, da matsayin mai ba da shi, waɗanda su ne ginshiƙan tarken ƙagaggen labari. Ɗaliban yau sun taso da finafinan jarumai irin wanda ya haɗa Batman da Superman faɗa a 2016, sun kuma saba da lissafin wa ya fi wa ƙarfi. Malamin da ya kore wannan sha'awa ya yi asarar ƙofa. Wanda kuma ya bar ta a matsayin lissafi tsagwaronsa zai yaye ɗaliban da ke ƙidaya gawawwaki a littafi ba tare da sanin abin da ya sa marubuci ya zuba su ba.

Su kansu mawaƙan Rasha sun yi wa masu irin wannan lissafi gargaɗi. A wata waƙarsu, jaruman Kiyef sun ci wani babban yaƙi, sai wasunsu suka yi alfaharin cewa ko rundunar sama ce ta sauko za su gama da ita. Nan take mayaƙa suka bayyana, waɗanda in an sare ɗaya sai ya zama biyu, har jaruman suka gaji suka gudu cikin duwatsu suka sandare. Da na koma aji mako na gaba, da wannan labari na fara, sannan na ce wa mai tambayar ya zaɓi filin da yake so a yi karon, ya kuma kawo hujjarsa daga matani a rubuce.