Hunturun da Bai Shiga Littattafanmu Ba

Ɗauki labari ɗaya cikin waɗanda muke karantawa a waya, a Wattpad ko a zaurukan WhatsApp, ka nemi inda aka ce ana tsananin sanyi. Goge shi, ka rubuta ana tsananin zafi. A mafi yawansu babu abin da zai lalace: jaruma za ta tuɓe rigar sanyi, jarumi ya kunna na'urar sanyaya mota, soyayya ta ci gaba daga inda ta tsaya. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta muna da ƙa'ida: duk layin da za ka cire komai bai tsaya ba, dama can ba ya aikin komai. Matsayin hunturu ke nan a ƙagaggun labaranmu na yanzu.

A adabin Japan lamarin daban yake. Gajeriyar waƙarsu ta haiku bisa al'ada sai ta ƙunshi kalmar da ke nuna yanayin shekara, wadda suke kira kigo, har suna da kundaye na musamman da suka tattara waɗannan kalmomi. Kuma hunturunsu cike yake da abin ambato. Ranar da dare ya fi tsawo, wajen 21 ko 22 ga Disamba, ana wanka da ruwan zafi da aka jefa wa lemon yuzu. Kafin shekara ta ƙare ana share gida ciki da bai. Daren 31 ga wata ana cin taliyar soba, wuraren ibadar Buda su kaɗa ƙararrawa sau 108. A farkon Fabrairu kuma ana watsa wake don sallamar sanyi da sharrinsa.

Amma lissafa bukukuwa ba shi ne gwaninta ba. Dubi Yukiguni, wato Ƙasar Dusar Ƙanƙara, na Yasunari Kawabata, wanda ya samu kyautar Nobel a 1968. Labarin soyayya ne tsakanin wani mai hali daga Tokyo da wata mace a garin tsaunuka. Kusa da ƙarshe marubucin ya tsaya a kan wani yadi, chijimi, wanda 'yan mata ke saƙawa a watannin da ƙanƙara ta kulle su a gida, a shimfiɗa shi kan dusar ya yi fari, masu kuɗi su sa shi lokacin zafi. Wahalar wasu cikin sanyi ita ce jin daɗin wasu: dangantakar masoyan nan ke nan. Cire sanyin, littafin ya rushe.

Me ya sa namu ba haka ba? Wani ɓangare na amsar yana cikin kalanda. Tun 1873 Japan ta koma lissafin rana, sabuwar shekararsu ta kafu a tsakiyar sanyi. Mu kuwa azumi da Sallah da tashe da Takutaha wata suke bi, suna matsowa da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka duk shekara. Marubucinmu yana auna lokaci da "bayan Sallah", kuma wannan ba ya gaya mana ko ana ruwa ko ana hazo. Al'adun hunturunmu a jikin aiki suke: rumbu ya cika, a ɗaura aure, mahauta su zaga ƙauyuka da dambe, a fita farauta, a yi sabuwar jinka, yara su kewaye wuta ana tatsuniya, magidanta su kama hanyar ci-rani. Wanda bai kalli aiki ba, ba zai ga wannan kalanda ba.

Mu je Kura da Bunkure, inda labarin ya fi daɗi, domin a can kalandar kanta ta juye. Da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo magudanai zuwa gonakin Kadawa da kewaye. Lokacin da a da ake hutu da kiɗa ya zama lokacin da manomi ba ya da sukuni. Alkama sai da sanyi: a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa Disamba, a girbe wajen Maris. Hunturun da ɗan birni ke tsine wa saboda mura da kaushi, shi mai alkama ke roƙon Allah ya daɗe. Ƙasar da ke tura 'yan ci-rani ta koma karɓar su.

A nan akwai duk abin da labari ke bukata. Ga mai gona a ƙarshen magudana da ke tashi cikin ɗari da asuba don kada na sama su shanye ruwan. Ga kasuwar Kwanar Gafan a lokacin da tumatir ya yi yawa, kwando ya faɗi, har a yanka a shanya a bakin hanyar Zariya. Ga shekarar 2016, da tsutsa ta cinye gonakin tumatir, auren da aka sa wa rana da kuɗin kwando ya shiga rububi. Ga kuma Kura ta marina da mabuga, wadda turkuɗinta ya kai har rawunan Buzaye a cikin sahara, yadin da bai gaza chijimi tarihi ba.

Za a ce mai karatu hutu yake nema, ba ya son a bi shi da taɓon gona har cikin waya. Akwai gaskiya a ciki, kuma marubutan intanet, yawancinsu mata, sun riƙe karatun Hausa a lokacin da kasuwar bugawa ta ja baya. Sai dai Kawabata ma soyayya ya rubuta. Ba mu ce a daina labarin attajiri da gidan bene ba. Cewa muka yi a gaya mana daga ina kuɗin ya fito, kuma a wane wata.

Dattawan da suka san hunturun Kura kafin ruwan Tiga suna ƙarewa. Jikokinsu na riƙe da waya, suna karanta labaran da aka kafa a Dubai. Idan ba wanda ya rubuta yadda fagen dambe ya koma fagen alkama, rahotannin hukumar kogi ne kaɗai za su rage, kuma su ba sa faɗin wanda ya yi kuka.